BABI NA UKU: FARA AIKI DA MASAUKIN MANHAJOJIN JONE, TARE DA MISALI DAGA BAKIN TAFKIN KAINJI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙirƙirarriyar basira da kuma kundin sarƙa, wato bulokcen, kowanne a kan kansa. A wannan babi kuwa za a dubi wurin da ake haɗa su su yi aiki tare a cikin kwamfuta ɗaya ba tare da ɗaya ya ɓata ɗaya ba. Za a kawo ma'anar wannan wuri da asalinsa, sannan a bi matakan da mai koyo zai taka tun daga girkawa har zuwa rubuta shaida a kundi. Domin kada bayanin ya tsaya a sama, an ɗauki misali guda daga ƙasar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Shanga da Yawuri da Ngaski na Jihar Kebbi, kuma shi za a riƙa komawa gare shi har ƙarshen babin.

3.1 Ma'anar Manhajar Jone da Masauki

Manhajar jone ƙaramar manhaja ce da ake rubutawa daban, sannan a jona ta ga wata babbar manhaja domin ta ƙara mata wani aiki da ba ta da shi tun asali. Ba ta iya tashi ita kaɗai. Sai an sami wata manhajar da za ta ɗauko ta, ta ba ta wurin zama a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta miƙa mata aiki, ta karɓi sakamako. Wannan ta biyu ita ce aka kira masauki a cikin wannan nazari.

Ba a zaɓi kalmar masauki don ado ba. Su kansu masu wannan fanni da sunan mai gida da baƙo suke kiran ɓangarorin biyu, kuma Bahaushe ya san wannan tsari tun zamanin fatauci. Falke idan ya sauka a gari, wurin fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye. Amma baƙon ba ya shiga cikin gida, ba ya buɗe rumbu, duk abin da yake so daga waje sai ya faɗa wa mai gida. To, haka dangantakar take tsakanin masauki da manhajar jone. A ra'ayin mai wannan nazari, darajar masauki tana ga abin da yake hana baƙo taɓawa fiye da saurin aikinsa, ko da yake saurin ne aka fi tallatawa.

Dalilin faɗin haka shi ne abin da ya faru a shekarar 2018. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna event-stream wadda dubban masu shirya manhaja suke jona wa ayyukansu. Wanda ya rubuta ta ya gaji da kula da ita, sai ya miƙa ta ga wani da ya nuna yana son taimakawa. Shi kuwa sabon mai kulawar sai ya cusa mata wani ɓoyayyen umarni da aka nufi Copay da shi, wato wata lalitar ajiye kuɗin Bitcoin, domin satar mabuɗan masu ita. Ba a gano ba sai a watan Nuwamba na wannan shekara. Abin lura a nan shi ne, manhajar da aikinta sarrafa jerin bayanai ne kawai ta sami damar kai hannu ga mabuɗan kuɗi, saboda babu bango tsakaninta da sauran gidan.

3.2 Asalin Masaukin da Aka Zaɓa

Masaukai iri-iri ne, amma wannan nazari ya tsaya ga waɗanda aka gina a kan WebAssembly. Wannan wani tsarin umarni ne da kamfanonin Mozilla da Google da Microsoft da Apple suka haɗu a kansa. An sanar da shi a 2015, ya fara aiki a manyan manhajojin shiga intanet a 2017, sannan hukumar W3C ta amince da shi a matsayin ƙa'ida ranar 5 ga Disamba, 2019. A cikin 2019 ɗin kuma aka fito da WASI, wato ƙa'idar da ta ba shi damar aiki a wajen shafukan intanet, ta hanyar neman izini daga masauki kafin ya karanta fayil ko ya duba agogo.

Daga cikin masaukan da ke ɗaukar wannan tsari akwai Wasmtime da Wasmer da WasmEdge. An zaɓi WasmEdge ne saboda tun farkonsa, lokacin da kamfanin Second State yake kiransa SSVM, an yi shi ne da nufin ayyukan kundin sarƙa, daga baya kuma aka ƙara masa hanyar kiran samfuran basira. Gidauniyar CNCF ta karɓe shi a 2021. Haka kuma kundayen sarƙa da dama, irin su NEAR da waɗanda ke amfani da CosmWasm, da wannan tsarin umarni suke gudanar da yarjejeniyoyinsu, don haka wanda ya koye shi sau ɗaya zai ci moriyarsa a wurare da yawa.

3.3 Misalin da Za a Yi Aiki da Shi

An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kuma tafkin da ta haifar ya kai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, ya miƙe daga Sabuwar Bussa har zuwa wajen Yelwa. Fiye da mutum dubu arba'in aka tayar daga tsibirai da gaɓar kogi aka sake masu matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari da Shangawa. Tun daga lokacin su da noman shinkafa da albasa su ne ginshiƙin rayuwar yankin. Ƙididdigar kifi kuwa ba sabon abu ba ne a nan. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa ta daɗe tana yi, haka kuma shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus da aka gudanar a shekarun 1990 ya riƙa ƙirga tungaye da jirage da komaye, yana auna abin da ake kamawa.

Sai dai ƙididdigar masu bincike daban, lissafin bashi daban. Sananne ne cewa masunci yakan karɓi koma ko injin jirgi ko kuɗi daga hannun mai sayen kifi, a kan zai riƙa biya da abin da ya kamo. Lissafin yana cikin littafin mai ba da bashi ne, ko kuma a ka. Idan gardama ta tashi, sai a tafi gaban Sarkin Ruwa ko shugabannin ƙungiya, kowa da nasa adadin. Irin wannan matsala ta bayyana a babban mataki a shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi ranar 17 ga Nuwamba, 2015, inda maganar wa ya karɓa, nawa ya karɓa, nawa ya biya ta zama abin ce-ce-ku-ce shekaru da dama.

Saboda haka a ƙaddara wata ƙungiyar masunta ce a wata tunga ta ƙaramar hukumar Shanga take son a riƙa rubuta kowane kwandon kifi da ɗan ƙungiya ya miƙa a madadin bashi. Sakataren ƙungiya zai ɗauki hoton kifin, na'ura ta faɗi irinsa, a shigar da nauyi da farashi, a rage daga bashin, a ajiye shaida a wurin da mai bashi ko wanda ake bi ba zai iya sauya ta shi kaɗai ba. Ayyuka uku ke nan, kuma kowanne manhajar jone ce mai zaman kanta: mai gane kifi, mai lissafi, da mai rubutu a kundi.

3.4 Girkawa da Gwajin Farko

Wannan mataki ba shi da wahala. A kwamfuta mai Linux ko macOS, akan sauko da umarnin girkawa daga ma'ajiyar WasmEdge, shi kuma ya ajiye komai a wata jaka mai suna .wasmedge a cikin gidan mai amfani. Idan aka rubuta wasmedge --version aka ga lamba ta fito, to ya zauna. Daga nan sai a rubuta ɗan gajeren shiri da harshen Rust, a harhaɗa shi zuwa ga wasm32-wasip1, a sami fayil mai ƙarewa da .wasm, a miƙa wa masauki ya gudanar.

Shawarar da ta dace ga mai koyo ita ce kada ya fara da basira ko kundi. Ya fara da manhajar lissafi, wadda za a ba ta nauyi da farashi ta mayar da jimla. Idan wannan ta yi aiki, sai ya umurce ta da ta buɗe wani fayil a kwamfutar. Zai ga ta kasa. Wannan kasawa ita ce darasi na farko, domin ta nuna bangon yana nan. Sai an ƙara --dir tare da sunan jaka guda sannan baƙon zai ga abin da ke cikin wannan jakar, ita kaɗai.

Ya kamata a yi duk saukowar da ake bukata a wurin da sabis yake da ƙarfi, kamar Yelwa ko Birnin Kebbi, a kwafe a ɗan fulashi. Bayan girkawa masaukin ba ya bukatar intanet don gudanar da manhajojin da ke cikinsa, kuma wannan babban abu ne ga ƙauyukan bakin ruwa, inda duk da kusancinsu da madatsar da ke samar da lantarki, da yawansu da sola ko janareta ake cajin waya.

3.5 Iyakance Baƙo

Kowace manhajar jone tana samun yankinta na ƙwaƙwalwa wanda ake aunawa da shafi, kowane shafi bayit 65,536. A tsarin da aka saba da shi ba ta wuce shafi 65,536, wato gigabayit huɗu, amma mai masauki na iya rage mata. Manhajar lissafin ƙungiya, alal misali, shafi 256 sun ishe ta har da ragowa, wato megabayit goma sha shida. Idan ta yi yunƙurin leƙa wajen yankinta, masauki yana tsayar da ita nan take. Bayan ƙwaƙwalwa ana iya iyakance lokaci, ana kuma iya iyakance yawan umarnin da za ta zartar, abin da masu kundin sarƙa ke kira gas tun daga Ethereum da ta fara aiki a 2015. Amfaninsa shi ne manhajar da ta faɗa zagayen da ba ya ƙarewa ba za ta cinye batirin da ake lallaɓawa ba.

Akwai wani wuri da masu koyo suke yawan ruɗewa, kuma ya kamata a tsaya a kansa. A WasmEdge abubuwa biyu ne ake jonawa, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Na farko su ne fayilolin .wasm da aka yi ta magana a kansu, waɗanda suke zaune a ɗakin baƙi. Na biyu su ne ƙare-ƙaren da ake girkawa a jikin masaukin kansa, kamar wasi_nn mai kula da samfuran basira. Waɗannan da harshen na'ura kai tsaye suke aiki, kuma bangon bai shafe su ba. Idan aka koma ga misalin fatoma, su ne yaran gida masu riƙe da mabuɗin rumbu, waɗanda baƙo yake aika. Don haka baƙo ana iya karɓarsa daga ko'ina a gwada shi, amma yaron gida ba a ɗaukarsa sai daga inda aka amince, kuma a taƙaita yawansu. Wanda ya girka ƙare-ƙare goma alhali ɗaya yake bukata ya buɗe wa kansa ƙofofi tara a banza.

A tsarin ƙungiyar masuntan, rabon izini zai kasance kamar haka. Mai gane kifi tana ganin jakar hotuna ne kawai, ba ta da hanyar intanet. Mai lissafi ba ta ganin jaka ko ɗaya, lambobi ake miƙa mata. Mai rubutu a kundi kuwa ita kaɗai ke da hanyar fita, amma ko ita ba a damƙa mata mabuɗin sa hannu na ƙungiya. Tana shirya takarda ne ta miƙa wa masauki, shi ya sa hannu bayan sakatare ya tabbatar.

3.6 Jona Samfurin Basira

Ƙa'idar wasi-nn ta tsara matakai biyar da baƙo ke bi wajen kiran samfuri: ya nemi a ɗora samfurin, a buɗe masa zaman aiki, ya miƙa abin da za a duba, a yi lissafi, ya karɓi amsa. Shi ainihin lissafin wani inji ne ke yin sa a bayan fage, kamar TensorFlow Lite ko OpenVINO ko PyTorch, ko kuwa llama.cpp wanda Georgi Gerganov ya fara a watan Maris na 2023 domin manyan samfuran harshe.

Girman samfuri shi ne abin dubawa na farko. Samfurin harshe mai ma'aunai biliyan bakwai, ko da an matse shi, yana cin kimanin gigabayit huɗu, kuma ƙaramar kwamfutar ƙungiya za ta sha wahala da shi. Samfurin gane hoto irin MobileNetV2 da Google ya fitar a 2018 kuwa bai wuce megabayit goma sha huɗu ba. Matsalarsa ita ce an horar da shi ne a kan rukunan abubuwa dubu ɗaya na tarin hotunan ImageNet, kuma ba a shirya wannan tari don bambanta karfasa da kurungu da tarwaɗa da giwan ruwa ba. Dole a sake horar da shi da hotunan da aka ɗauka a bakin tafkin. Nan ma akwai abin lura, domin ɗanyen kifi daban, banda daban. Kifin da aka lanƙwasa aka yi wa hayaƙi ya yi baƙi ƙirin ba ya kama da hotonsa na cikin littafi. Haka kuma abin da ake kamawa yana sauyawa tsakanin lokacin farin ruwa na damina da baƙin ruwa da ke isowa daga tsaunukan Gini a lokacin sanyi. Hotunan wata ɗaya ba za su wadatar ba.

Duk da haka amsar samfuri hasashe ce. Yana cewa ne, misali, ya fi zaton karfasa ce. Tsohon masunci da ke tsaye a wurin ya fi shi sani nesa ba kusa ba, don haka aikin samfurin shi ne rage wa sakatare rubutu, shi kuma sakataren ya amince ko ya gyara.

3.6.1 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan ƙaramar magana ce amma ta shafi Hausa kai tsaye. Tsakanin masauki da baƙo lambobi ne ke wucewa. Idan za a miƙa rubutu, akan ajiye shi a ƙwaƙwalwar baƙo ne a faɗi inda ya fara da tsawonsa a bayit. A tsarin UTF-8 haruffan ɓ da ɗ da ƙ kowanne bayit biyu yake ci. Kalmar tarwaɗa harafi bakwai ce amma bayit takwas. Wanda ya ƙirga haruffa ya aika bakwai, sai harafin ƙarshe ya yanke. Bugu da ƙari, tarwaɗa da tarwada kalmomi biyu ne a wurin na'ura, kamar yadda 'ya ta rubutun Nijeriya da ƴa ta rubutun Nijar suke daban. Tun kafin a rubuta komai a kundi ya wajaba ƙungiya ta tsayar da rubutu ɗaya, ko kuma a ba kowane irin kifi lamba.

3.7 Jona Kundin Sarƙa

Sharaɗin kundin sarƙa shi ne kwamfutoci da yawa su yi lissafi ɗaya su sami amsa ɗaya. A Hyperledger Fabric, wanda a kansa aka gina eNaira da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoba, 2021, kwamfutocin da aka wakilta sukan gudanar da yarjejeniya kowace a wurinta, su sa hannu a sakamako. Idan sakamakon ya saɓa, ba a karɓar cinikin. Samfuran basira kuwa da lambobi masu ɗigo suke aiki, kuma na'urori biyu na iya ba da amsar da ta ɗan bambanta a kan hoto guda. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a sa samfuri a cikin yarjejeniyar kundi. Yana aikinsa a waje, mutum ya tabbatar, sannan a kai tabbataccen abu ciki. Saboda wannan dalili kuma manhajar lissafi ba ta amfani da ɗigo, nauyi da giram take ƙirgawa, kuɗi da kwabo.

Abin da ake kaiwa kundi bai kamata ya yi yawa ba. Akan haɗa bayanin ciniki, wato lambar ɗan ƙungiya da irin kifi da nauyi da farashi da rana, tare da hoton, a fitar masu da hatimin lissafi ta hanyar SHA-256. Hatimin jerin alamomi sittin da huɗu ne, kuma idan aka sauya ko da harafi ɗaya a bayanin, hatimin gaba ɗaya ya sauya. Shi ake rubutawa a kundi tare da ragowar bashi, cikakken bayani kuwa ya zauna a hannun ƙungiya, a ba masunci nasa kwafi. Sunan mutum da lambarsa ta BVN ko NIN ba su da wuri a kundi, domin abin da ya shiga ba ya goguwa, alhali Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar neman a share bayanansa. Idan babu sabis, masauki yana jera takardun da aka sa wa hannu bisa lambarsu, ya aika su a ranar da aka samu.

Ya kamata a gwada yarjejeniyar sosai a kundin gwaji kafin a sa kuɗin mutane. A watan Yuni na 2016 kuskure guda a yarjejeniyar The DAO ya sa aka kwashe kimanin ether miliyan 3.6, har al'ummar Ethereum ta rabu biyu a kan yadda za a gyara.

Akwai kuma tambayar da mai wannan nazari yake ganin wajibi ne a amsa kafin a kai wannan mataki, wato su wa za su riƙe kwamfutocin kundin. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan bulokcen a watan Mayu na 2023, amma manufa ba ta amsa wannan tambaya ga tungar masunta. Idan duk kwamfutocin suna hannun mai ba da bashi ne, to littafinsa na da ne aka sauya wa bango, har ma ya fi na da tsada. Aƙalla sai ɓangarori uku masu bukatu daban sun riƙe kwafi, misali ƙungiyar masunta, da ƙungiyar masu sayen kifi, da wani na uku da duka biyun suka yarda da shi, kamar ofishin kula da kifi na yankin. Inda ba a sami haka ba, manhajar lissafi da rasit mai hatimi da aka buga biyu sun wadatar, kuma tsarin jone ya ba da damar a ƙara ta ukun daga baya ba tare da an taɓa biyun farko ba.

Kundi kuma ba ya duba sikeli. Idan an taɓa ma'auni kafin a ɗora kwando, kundin zai adana lambar ƙarya da irin amanar da zai adana ta gaskiya. Don haka a takardar da ake kaiwa masauki an tanadi gurbin sa hannu biyu, na sakatare da na masuncin da kansa ko wakilinsa, kuma masauki ba ya aika takardar da gurbi ɗaya ya zama fanko. Yadda aka gwada wannan tsari da bayanan kwaikwayo, da abin da gwajin ya nuna game da lokaci da cin batir, shi ne abin da babi na huɗu ya ƙunsa.